Me ya haɗa harshen Indunusiya da na Malesiya da Tagalog?

Aminu (Jidda): Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masanan wannan zaure. A wurin aikinmu akwai 'yan Indunusiya, akwai kuma 'yan Filifin masu jin Tagalog. In 'yan Indunusiya na hira, ɗan Filifin ba ya tsintar komai, haka ma in aka juya. Amma kalmominsu da yawa iri ɗaya ne sak. Ido *mata* ne a wurin kowannensu, ɗa *anak*, sama *langit*, biyar *lima*, akuya *kambing*, ciwo *sakit*, tsada *mahal*. Dutse kuwa wannan ya ce *batu*, wancan ya ce *bato*. To wa ya ara a wurin wani? Kuma tunda kalmomin sun yi kama haka, me ya hana su jin juna?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Malam Aminu, ni a ganina ba sai an je da nisa ba, Larabci ne ya haɗa su. Ɗan Filifin in zai yi godiya *salamat* yake cewa. Ɗan Indunusiya in zai yi maka maraba ya ce *selamat datang*. Ai salama ce, wadda muke yi wa juna kullum. Doka a wurin Malayawa *hukum*, alƙali a Tagalog *hukom*, mu kuma muna da hukunci. Malayawa na cewa *dunia*, *waktu*, *kabar*, *akal*, *kitab*. Har mutuwa ma *mati* suke cewa, Balarabe ya ce *mata*, Bahaushe ya ce mutu. Fataken Musulmi sun ratsa tekun nan ɗaruruwan shekaru, ba mamaki su bar harshensu a ko'ina.

Baba Alhaji Isa: Gaskiyar Malam. Wanda duk ya yi aikin Hajji ya zauna kusa da mutanen Indunusiya a Mina ya san haka. Sunayen ranakunsu kamar namu: *Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat, Sabtu*. Kana ji ka san Litinin ce da Talata da Laraba. Mutane ne masu natsuwa da ladabi, Allah ya saka musu.

Nafisa (Kuala Lumpur): Amin, Baba. Kafin malamai su zo, bari in raba abu ɗaya, don Yaya Aminu ya ambaci biyu, Malam kuma ya kawo na uku. Harshen Indunusiya da na Malesiya asalinsu abu guda ne, wato Malayanci. A ajinmu ɗalibar Jakarta da ta nan suna hira ba tafinta. Matasan Indunusiya ne suka ɗauki Malayancin da ake ciniki da shi tsakanin tsibirai suka ce shi ne harshen haɗin kansu, ranar 28 ga Oktoba 1928, suka raɗa masa suna *Bahasa Indonesia*. Da aka ayyana 'yanci a 1945 ya zama harshen hukuma. A 1972 ma ƙasashen biyu suka daidaita ƙa'idar rubutunsu. Tagalog ne ya fita daban. Shi kam ko kusa ba sa jin sa.

Sadiq: To ai magana ta fito. Malayanci ne uwa, Tagalog ya ɓalle daga gare shi ya lalace, shi ke nan.

Malama Rakiya: Sannunku da muhawara. Malam Habibu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma Sadiq, taka ba ta zauna ba. Ku yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta, batun ne yake da daɗi.

Kamannin da Aminu yake ji iri biyu ne, kuma ba a haɗa su. Akwai gado, akwai aro.

Malayanci da Tagalog 'yan gida ɗaya ne, dangin harsunan da masana ke kira Ostronesiya, waɗanda yawansu ya haura 1,000. Kakannin masu magana da su sun taso ne daga tsibirin Taiwan, kimanin shekara 4,000 da suka wuce suka tsallako Filifin a jiragen ruwa, daga nan suka bazu kudu zuwa Borneo da Sumatra da Jawa, wasu suka yi gabas har Hawai da New Zealand. Kun ga ke nan Filifin ce ma aka fara sauka kafin ƙasar Malayawa. Kalmomin da Aminu ya jero, ido da ɗa da sama da dutse da biyar, daga wannan kakan suka zo. Ba wanda ya ara a wurin wani, kowa a gidansu ya tarar.

Sadiq, dubi ƙidaya. Tagalog na cewa *tatlo* uku, *pito* bakwai, *walo* takwas. Mutanen Jawa na cewa *telu, pitu, wolu*. Waɗannan su ne tsofaffin lambobin gidan. Malayanci ya yar da su, ya koma *tiga, tujuh, delapan*. Da a ce Tagalog daga Malayanci ya fito, ina zai samo lambobin da uwar tasa ba ta da su, har su dace da na Jawa?

Wani abin sha'awa, *delapan* asalinta "an cire biyu" ne, *sembilan* tara kuma "an ɗauke ɗaya", wato daga goma. Daidai yadda tsofaffinmu ke cewa ashirin ba biyu, ashirin ba ɗaya.

Sadiq: Na ji ta lambobi, Malama. Amma ta yaya mutum zai gane wannan kalma gado ce, waccan aro ce? Ai duk kama suka yi. Ba wanda yake wurin lokacin da aka yi aron.

Malama Rakiya: Tambayar da nake jira ke nan. Sauti ne ke ba da shaida. Harshen kakan yana da wani sauti da ya zama *r* a bakin Malayawa, ya zama *g* a bakin masu Tagalog. Kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba:

jijiya: *urat* da *ugat*
sabo: *baru* da *bago*
nauyi: *berat* da *bigat*
casasshiyar shinkafa: *beras* da *bigas*
leɓe ko baki: *bibir* da *bibig*
ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi: *layar* da *layag*

Wanda bai sani ba zai ce *baru* da *bago* ba su yi kama sosai ba, alhali su ne 'yan'uwan jini.

Yanzu dubi wani rukunin. Farashi a Malayanci *harga*, a Tagalog *halaga*. Giya *arak*, a Tagalog *alak*. Alharini *sutera*, a Tagalog *sutla*. Labari *cerita*, a Tagalog *salita*, ko da yake can ma'anarta ta koma kalma ko magana. A nan *r* ba ta zama *g* ba, *l* ta zama. Dalili shi ne waɗannan sun shigo daga baya, bayan wancan tsohon sauyin ya riga ya gama aikinsa. Baƙi ne, kuma *l* ɗin nan ita ce shaidar baƙuncinsu.

Wanda ya fi burge ni shi ne *tanghali*, tsakar rana a Tagalog. Malayanci ne tsantsa, *tengah hari*, tsakiyar yini, aka dunƙule shi ya zama kalma guda. In ka farfasa ta a Tagalog ba ta ba da ma'ana, don rana a wurinsu *araw* ce. Haka *dalamhati*, baƙin ciki, daga *dalam hati*, cikin zuciya. *Hati* asalinta hanta ce, don Malayawa a hanta suke ajiye abin da mu muke ajiyewa a zuciya. Tagalog na da tasa hantar ta gado, *atay*. Ka ga kalma ɗaya ta shiga harshen sau biyu, ta farko ta hanyar haihuwa, ta biyu ta hanyar kasuwa.

Nafisa (Kuala Lumpur): Kai Malama, Allah ya ƙara sani. *Tengah hari* kullum sai na ji ta, abincin rana ma *makan tengah hari* ake cewa. Kuma batun shinkafa da kika taɓo, nan suna da suna uku. Tana gona ko ba a casa ba *padi*, an casa *beras*, an dafa *nasi*. Ƙawata 'yar Filifin ta ce su ma uku ne, *palay, bigas, kanin*.

Malama Rakiya: Biyun farko gado ne, Nafisa. Tun daga Taiwan suka taho da shinkafarsu da sunayenta.

Malam Habibu: Malama, na gamsu da batun gado, amma ban ga an ba Larabci haƙƙinsa ba. Ba ƙaramin abu ba ne. Malayawa da haruffan Larabci suka yi ta rubutu ƙarni bayan ƙarni, suna kiran sa *Jawi*, kamar dai ajaminmu. Akwai dutsen Terengganu a Malesiya mai rubutun Jawi da ake danganta shi da shekarar 1303, hukunce-hukuncen Musulunci ne a kansa. Kuma ba ki ce komai ba kan *mati* da mutu.

Malama Rakiya: Allah ya gafarta Malam, haƙƙin Larabci yana nan, kuma babba ne, musamman a Malayanci. Abin da nake cewa shi ne bai kai ga ido da dutse da wuta da ruwan sama ba. *Api* da *apoy*, *hujan* da *ulan*, *angin* da *hangin*, duk sun girmi zuwan Larabawa yankin da dubban shekaru.

*Mati* kuwa dacewa ce kawai. Tana da 'yan'uwa a duk faɗin gidan, *patay* da *matay* a Tagalog, *mate* a wurin Maori na New Zealand, inda ba wani falken Balarabe da ya taɓa zuwa. Tamu mutu da ta Larabci su ne suke da dangantaka ta gaske, don Hausa da Larabci gidansu ɗaya, Afro-Asiya. Harsunan duniya dubbai ne, sautukan bakin ɗan'adam kuwa kaɗan, dole wasu kalmomi su yi karo. Ai *mata* ma ido ce a wurinsu, a wurinmu kuwa iyayenmu ne da 'yan'uwanmu. Kalma ɗaya ba ta kafa hujja, sai an ga tsari yana maimaituwa kamar na *r* da *g*.

Larabcin da ke cikin Tagalog kuma kaɗan ne, kuma yawancinsa ta hannun Malayawa ya bi. Lokacin da Sifaniyawa suka ci Manila a 1571, sarakunan garin Musulmi ne, irin su Raja Sulaiman, masu zumunci da gidan sarautar Brunei. Ta wannan ƙofa *salamat* da *hukom* da *alak* suka samu shiga.

Ga wani abin lura, Malam, da na san zai yi maka daɗi. Mu da Malayawa mun ari kalmomi iri ɗaya, amma mu mun haɗiye su da *al* ɗinsu, su kuwa sun bar ta. Labari da *kabar*, lokaci da *waktu*, littafi da *kitab*, Laraba da *Rabu*, Lahadi da *Ahad*.

Malam Habibu: Wannan kam ya yi daɗi. Alkhabar, alwaqt, alkitab. Madalla.

Baba Alhaji Isa: 'Yata Rakiya, to kafin Musulunci su wa suka yi hulɗa da su? Don na ji kin ce alharini da farashi baƙi ne, ba ki faɗi daga ina ba.

Malama Rakiya: Daga Indiya, Baba, harshen Sanskirit. Kafin Musulunci addinin Hindu da na Buda ne suka yi ƙarfi a Sumatra da Jawa. Daular Sriwijaya, mai cibiya a Palembang, da tsohon Malayanci take rubutu, cike da kalmomin Sanskirit. Rubutun dutsen Kedukan Bukit na wajen shekarar 683 yana cikin mafi tsufa da aka samu. Daga nan ne *guru* malami ya zama *guro* a Tagalog, *muka* fuska ta zama *mukha*, *bangsa* al'umma ta zama *bansa* ƙasa, *kota* birni ta zama *kuta* ganuwa. Ita kanta kalmar *bahasa*, harshe, Sanskirit ce.

Kuma akwai shaida a hannu cewa Malayanci ya isa Filifin tun da wuri. A 1989 wani mai haƙar yashi a bakin kogi kusa da tafkin Laguna, kudu maso gabas da Manila, ya ci karo da wani faifan tagulla a nannaɗe. Wani masani ɗan Holan mazaunin Filifin, Antoon Postma, shi ya karanta shi. Takardar yafe bashin zinariya ce, an rubuta ta a shekarar 900, da tsohon Malayanci gauraye da Sanskirit. Wato shekara 600 da ɗoriya kafin Turawa su leƙo, mutanen yankin Manila suna rubuta shaidar bashi da Malayanci. Da Magellan, jagoran jiragen ruwan Turawa, ya iso Filifin a 1521 ma, bawansa Enrique, wanda ya samo a Malaka ta ƙasar Malayawa, shi ya yi masa tafinta da sarakunan tsibiran, da Malayanci.

Nafisa (Kuala Lumpur): Baba, abin da zai ba ka mamaki, har kalmomin addini. Addini *agama*, azumi *puasa*, aljanna *syurga*, wuta *neraka*, zunubi *dosa*, duk daga Sanskirit. Da watan Ramadan ko'ina ka duba an rubuta *buka puasa*, buɗa baki. Ƙaramar salla ma *Hari Raya Puasa* wasu ke ce mata.

Baba Alhaji Isa: Ikon Allah. Musulmi miliyoyi suna azumi da sunan da suka gada a wurin wasu.

Malam Habibu: Ba laifi a ciki, Baba, niyya ce abin dubawa. Malaman da suka kai musu addini sun yi hikima, suka yi musu magana da abin da suka sani. Amma Nafisa, ai na ji suna cewa *solat*.

Nafisa (Kuala Lumpur): Suna cewa, Malam, yanzu ma ita ta fi yawa a allunan masallatai. Amma tsofaffi har gobe *sembahyang* suke cewa.

Malama Rakiya: Ita kuma *sembahyang* ta gida ce, *sembah* yin sujada ko girmamawa, *hyang* abin bauta. 'Yar'uwarta tana Tagalog, *simba*, kuma daga ita aka samu *simbahan*, coci. Saiwa ɗaya, a nan ta ba da salla, a can ta ba da majami'a. *Dosa* ma tana can a matsayin *dusa*, sai dai ma'anarta ta koma wahala.

Mahamadu (Damagaram): Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Abin da Nafisa ta faɗa na Indunusiya da Malesiya ya tuna mini da mu. Harshe guda, Turawa biyu suka raba. Mu nan yaro ya tafi lakwal wurin mushe, ku can ya tafi makarantar boko wurin tica. Su ma haka abin yake?

Nafisa (Kuala Lumpur): Sak, Malam Mahamadu. A 1824 Ingila da Holan suka yi yarjejeniya suka raba yankin, Ingila ta riƙe ɓangaren Malaya, Holan ta riƙe Sumatra da tsibiran kudu. Shi ya sa ofis a Indunusiya *kantor* ne daga harshen Holan, keke *sepeda*, tawul *handuk*. A nan kuwa keke *basikal* ne daga Ingilishi, ofis *pejabat*. Can kuma *pejabat* jami'in gwamnati ne.

Akwai masu haɗa rigima ma. *Budak* a nan yaro ne, malama za ta ce *budak-budak* tana nufin yaran ajinta. A Indunusiya bawa ne. *Percuma* a nan kyauta, a can aikin banza. *Kereta* a nan mota, a can jirgin ƙasa. *Bisa* a can iyawa, a nan dafin maciji.

Sadiq: *Kantor* ɗin nan ba ita ce kantinmu ba?

Malama Rakiya: A'a, kantinmu daga Ingilishi ya zo, tasu daga Holan, kuma asalin kalmomin biyu daban ne.

Amma Turawa sun sake haɗa Malayanci da Tagalog ta wata hanya. Fotugal ta ci Malaka a 1511, Sifaniya ta mulki Filifin daga 1565 zuwa 1898, harsunan Turawan biyu kuma 'yan'uwan juna ne na kusa. Sai ga tebur *meja* da *mesa*, takalmi *sepatu* da *sapatos*, cuku *keju* da *keso*, makaranta *sekolah* da *eskuwela*. Nan ba gado ba ne, ba kuma aro daga juna ba, kowa daga nasa Baturen ya karɓa. Baba, ka lura ranakun da ka jero shida ne? Ta bakwai a Indunusiya *Minggu* ce, daga *domingo* na Fotugal, a Tagalog kuma *Linggo*. Sauran ranakun Tagalog duk na Sifaniya ne, *Lunes, Martes* har zuwa *Sabado*. Fataken Sin masu jin Hokkien su ma sun bar nasu a tukunya, taliyar shinkafa *bihun* da *bihon*.

Aminu (Jidda): Malama, na gwada abin nan naki lokacin cin abinci. Na tambayi ƙwai, ɗan Indunusiya ya ce *telur*, ɗan Filifin ya ce *itlog*. Na tambayi barci, *tidur* da *tulog*. Ga *r* ga *g* a ƙarshe, yadda kika faɗa! Su kansu ba su taɓa lura ba, sai da na rubuta musu a bayan kwali suka tsaya suna kallo. Daga nan suka ɗauka da kansu, har suka gano *bunga* fure ne a wurin wannan, 'ya'yan itace a wurin wancan. *Sayang* kuma wannan matarsa yake kira da ita, wancan kuwa in abu ya salwanta yake faɗa. Saura tambayata ta biyu.

Malama Rakiya: Madalla da wannan gwaji. *Sayang* a Malayanci ma tana ɗaukar ma'anar kaico, Tagalog wannan ɓangaren ya riƙe.

Abin da ya hana su jin juna ginin jimla ne da daɗewar rabuwa. Malayanci ya sauƙaƙa nahawunsa ƙwarai, mai aiki a gaba, aiki a tsakiya, abin da aka yi wa a ƙarshe, kuma aikatau ba ya sauyawa don lokaci. Tagalog da aikatau yake farawa, kuma yana cusa ɗafi har cikin tsakiyar kalma. *Sulat* rubutu, *sumulat* ya rubuta, *sinulat* an rubuta, *susulat* zai rubuta. Ɗan Indunusiya yana da *surat*, wasiƙa, amma in ya ji *sumulat* cikin magana da sauri ba zai gane ta ba. Wannan tsari na Tagalog shi ne ya fi kusa da na kakan, irinsa ake samu a harsunan asali na Taiwan. A Malayanci sai burbushinsa, kamar *getar* da *gemetar*, rawar jiki.

Mahamadu (Damagaram): Malama, an ce har Afirka suka zo. Gaskiya ne?

Malama Rakiya: Gaskiya ne. Harshen Madagaska ɗan gidan ne, kuma ɗan'uwansa mafi kusa shi ne Ma'anyan na kudancin Borneo, kamar yadda masanin harshe Otto Dahl ya nuna a 1951. Suna cewa *telo* uku, *fito* bakwai, *valo* takwas, *afo* wuta, *volana* wata. Sadiq, ga tsofaffin lambobin nan sun sake fitowa a gefen Mozambik.

Mahamadu (Damagaram): To guda ta ƙarshe daga gare ni. Wani ɗan garinmu da ya yi aiki a Makka ya ce 'yan Indunusiya *sabun* suke ce wa sabulu. Ita kuma a wane rukuni take?

Aminu (Jidda): Ɗan Filifin ma *sabon* yake cewa, yanzu na tambaye shi.

Malama Rakiya: Aro ce a duka ukun, amma ba ta hanya ɗaya ba. Mu da Malayawa daga Larabci muka samo ta, *sabun*, mu muka mai da *n* ɗin *l*. Tagalog daga Sifaniyanci ya karɓa, a zamanin da harafin farko na *jabón* ake furta shi kamar *sh*, shi ya sa ta fito da *s*, yadda *jugar* ta zama *sugal*, caca. In aka bi su baya kuma, ta Larabcin da ta Sifaniyancin duk suna komawa ga *sapo* ta Latin.